Wasiƙa daga Jamus zuwa ga Kawu a kasuwar Mile 12 ta Legas

Assalamu alaikum, Kawu. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da abokan sana'a. A gaishe min da mutanen Agege baki ɗaya.

Ka tambaye ni yadda kaya da farashi suke a nan, kuma maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Tun da na shiga sojan Amurka aka sa ni a sashen samar da kayayyaki, yanzu kuma muna Kaiserslautern, a kudu maso yammacin Jamus, ba nisa da iyakar Faransa. Nan ce hedikwatar rundunar da ke kula da abinci da mai da kayan gyaran motoci na sojojin Amurka a Turai. Amurkawan yankin, soja da farar hula da iyalansu, sun kai kimanin 50,000. Filin jirgin Ramstein da babban asibitin soja na Landstuhl duk suna kusa da mu. Ƙarfe 6:30 na safe muke fita motsa jiki, ƙarfe 9 a shiga aiki, ƙarfe 5 na yamma a busa ƙaho a sauke tuta, kowa ya tsaya cak inda yake, har mai tuƙa mota.

Ni a ɓangaren abinci nake, kuma shi nake so in ba ka labarinsa sosai, don ya shafi sana'arka ta tumatir. Idan motar abinci ta iso, ba a buɗe ta sai an duba hatimin ƙofa an ga lambarsa ta yi daidai da ta takarda. Sai sojan sashen likitocin dabbobi ya zo, domin su ne masu duba lafiyar abinci a sojan Amurka, ya cusa ma'aunin sanyi tsakanin kwalaye. Daskararren nama ana son sa wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. In ya ga alamar ya narke a hanya ya sake daskarewa, ba za a karɓa ba, ko da direban ya kwana yana roƙo. Bayan nan motar ɗaga kaya ta kwashe su a kan katako, a haska lambar kowane kwali da na'ura ya shiga kwamfuta, a jera su yadda wanda ya riga shigowa zai riga fita. Abin da ka sa wa hannu kuwa ya hau kanka. In ya ɓata ta sakacinka, daga albashinka za a cire. Ba wai mutanen nan sun fi namu amana ba ne, Kawu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, su kuma ba sa barin tsaga.

Tumatir yana zuwa mana daga Sifen ko Holan cikin kwalaye marasa zurfi, jeri ɗaya ko biyu. In an ɗora kwali kan kwali, nauyin yana sauka a gefen kwalin, ba a kan tumatirin ƙasa ba. Ba a haɗa shi ɗaki da nama, sanyinsa daban ne, wajen digiri 12, don sanyi mai tsanani yana kashe masa ɗanɗano. Duk ranar da na buɗe kwali na ga babu ko ɗaya da ya fashe, raina yakan ɓaci saboda ku. Na tashi ina ganin yadda ake sauke tirelar Kano ko Zariya bayan tafiyar kilomita kusan 1,000, kwando kan kwando, ruwa na tsiyaya ta ƙasan mota, kashin kwandon ya huda na gefe, na ƙasa ya farfashe sai a sayar da shi a wulaƙance. Gumin manomin Kadawa ne da jarinka ke bin kwata. Kuma wallahi namu ya fi nasu daɗi. Na nan ga kyan gani, amma in ka dafa miya da shi ruwa ne tsululu, sai ka ƙara na gwangwani.

Na san wasu sun fara ɗauko kaya a kwandon roba, na kuma san abin da ke hana sauran: kuɗin saye, da wahalar mayar da shi Arewa ba komai a ciki, da dillalan da suka saba yanke farashi da babban kwando. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, na ƙungiya ne. In aka haɗa kuɗi aka sayi robobin aka sa musu lamba, aka ajiye littafi na wanda ya ɗauka da ranar da zai dawo da su, motar da ta kawo kaya ta koma da su, asarar za ta ragu tun kafin a kai ga maganar ɗakin sanyi da kuɗin wuta.

Kasuwa kuma iri biyu muke ci. A cikin sansani da dala ake saye. Kantin abincin soja yana sayarwa kusan a farashin sari, a ɗora kashi 5 cikin 100 na gyaran gini, masu zuba maka kaya a jaka kuma ba su da albashi sai abin da ka miƙa musu. Kofi da sigari da barasa kuwa sai da kati ake sayen su, kowa da iyakarsa. Man mota ma haka, babu harajin Jamus a kai, amma akwai adadin da ba za ka wuce ba a wata, kuma sayar wa ɗan gari laifi ne babba. A cikin gari Yuro ne, harajin kaya kashi 19, yawancin abinci kashi 7. A kantunan Aldi ko Lidl madara da taliya da man girki da dankalin Turawa ba su da tsada in ka auna da abin da ma'aikaci ke samu. Sai dai babu ciniki, babu gyara, babu "ɗauka ka kawo gobe". Robar ruwa ana ɗora mata santi 25, in ka mayar wa na'ura ta ba ka kuɗinka, shi ya sa da wuya ka ga roba a titi. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke.

Kayanmu na gida su ne na masu hali. A shagon 'yan Afirka doyar Gana da awo ake sayar da ita, attaruhu kuma 'yan ƙwayoyi ne a leda, abin da yaranka ke tsintar wa mai saye kyauta. Naman halal sai wajen mahautan Turkiyya, mai tsabta ne, ba laifi.

Inda Legas ta yi musu fintinkau shi ne aikin hannu. Mafi ƙarancin ladan aiki a Jamus a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, mai sana'a kuwa ya fi haka. Saboda haka in injin markaɗe ya lalace, sabo ya fi gyara sauƙi. Rage tsawon wando kan kusa cin kuɗin wandon. Wayar da yaran kasuwar wayoyi ta Computer Village za su gyara kana tsaye, a nan sai ka bar ta ka dawo. Mai gyaran famfo ba ya zuwa sai da alƙawari, wani lokaci na makonni. A bariki mu muke yi wa juna aski. Wuta da ruwa kam ba sa ɗaukewa, ruwan famfo ma shi muke sha. Akwai tikitin wata, Yuro 58 a 2025, da za ka hau bas da ƙananan jiragen ƙasa ko'ina a ƙasar, ko da yake jiragen nasu ma suna latti. Na ji daɗi da aka fara jigila a jan layin dogo da ya bi ta Agege a Oktoban 2024.

Zaman tare yana da nasa daɗi. Akwai ranar da ake ajiye aiki a fito da iyalai, a buga ƙwallo, a ja igiya, a gasa nama. Na yi musu tsire da yajin da Hajiya ta haɗa min, kyaftin ɗinmu yana share hawaye yana ƙara miƙo faranti. A Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, ranar godiyarsu, manyan hafsoshi ne ke tsayawa su zuba wa ƙananan sojoji abinci, al'adar da ta burge ni ƙwarai. Mukan je kallon ƙwallo a filin Fritz Walter, inda aka buga wasu wasannin cin kofin duniya na 2006, Paris kuma tafiyar awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa. Ranar Juma'a sajan yana ba mu izini mu je masallacin Turkawa. In za a fita atisaye akwai abincin leda na halal, muddin ka nema da wuri. Ina da abokin aiki ɗan unguwar Nima ta Akara a Gana, da shi nake hira da Hausa in an tashi. Amma a Disamba kafin ƙarfe 5 duhu ya yi, kowa ya rufe ƙofarsa, maƙwabci ba ya leƙo ka sai ya sanar. Babu teburin mai shayi, babu dandalin bayan isha'i. Wannan yana cin rai, kuma babu kantin da ke sayar da maganinsa.

Game da layya, a nan ba a yanka a tsakar gida, doka ta ce sai an sumar da dabba kafin yanka in ba da izini na musamman ba. Zan turo kuɗi a saya min rago a Oko-Oba, a yanka a gida a raba. Kada a ba kowa kilishi ya kawo min, an hana shigo da nama Tarayyar Turai daga waje, ƙwacewa za su yi. Ka kuma bincika min kuɗin kwandon roba da yawan da tirela ɗaya ke ɗauka, don in na zo hutu mu zauna da shugabannin layinku, ni ma zan sa nawa a ciki.

Allah ya ƙara girma, ya ba da kasuwa. Wassalam.