Bikin Aure a Walt Disney World: Abin da Ake Saye, Nawa Ake Biya, da Dokokin da Ke Tafe da Shi

Tun shekarar 1991 kamfanin Disney ya buɗe wani sashe mai suna Disney's Fairy Tale Weddings, wanda babban aikinsa shi ne shirya wa mutane bikin aure a cikin wuraren shaƙatawarsa. Ana yin irin wannan biki a Disneyland da ke California, da otal ɗin Aulani da ke Hawaii, da cikin jiragen ruwan kamfanin, amma wurin da ya fi yin suna shi ne Walt Disney World, katafaren filin nan da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, wanda aka buɗe a 1971. A kansa wannan sharhi zai tsaya. Ra'ayina tun daga farko shi ne, hidimar tana da kyau da tsari fiye da yadda mai kallon hotuna zai zata, amma kuɗin da ake fara faɗa wa mutum mafari ne kawai, kuma dokokin wurin sun sa ikon bikin ya fi zama a hannun kamfanin fiye da hannun dangin amarya da ango.

Wurin da aka fi ɗaura aure shi ne wani ɗakin taro da ake kira Wedding Pavilion, wanda aka buɗe a 1995 a gefen otal ɗin Grand Floridian. Farin gini ne mai tsinin rufi, yana zaune a kan ɗan tsibiri a bakin tafkin Seven Seas Lagoon, kuma sai an bi ta wata 'yar gada ake isa gare shi. Wanda ya zana ginin ya san abin da yake sayarwa, domin an yanka wata babbar taga daidai bayan inda amarya da ango ke tsayawa, kuma ta cikinta ana hango fadar Cinderella, wato ginin da aka yi da sunan gimbiyar wata tatsuniya da Disney ya yi fim a kanta, a ƙetaren ruwa, ta yadda duk hoton da aka ɗauka daga tsakiyar ɗakin sai fadar ta fito tsakanin ma'auratan. A waje kuma wani jirgin ƙasa mai tafiya a kan doron siminti guda yana wucewa lokaci zuwa lokaci ɗauke da masu yawon buɗe ido. Ɗakin ba ya ɗaukar fiye da mutum 300, kuma ana iya ɗaura aure fiye da ɗaya a cikinsa a rana guda, kowanne da sa'arsa. Wannan ya sa jinkiri ba shi da gurbi a wurin. Idan an ce ƙarfe biyu da rabi, to ƙarfe biyu da rabi ne, saboda wata amaryar tana jiran ɗakin.

Wanda yake son abin da ya fi wannan zai iya neman cikin filayen wasannin kansu. A Epcot, wanda aka buɗe a 1982, akwai rumfunan ƙasashe 11 da aka jera a kewayen wani tafki, kuma ana yin ɗaurin aure a wasu daga cikinsu da safe kafin jama'a su cika wurin. Rumfar Maroko ta cancanci a ambace ta daban. An buɗe ta a 1984, Sarki Hassan na Biyu ne ya turo masu sana'a daga ƙasarsa suka yi mata ado da zanen tayil da sassaƙa, kuma hasumiyarta kwaikwayon hasumiyar masallacin Kutubiyya ne na birnin Marrakesh. A ganina babu wani sashe na filin da ya kai ta kyan aikin hannu. Sama da kowanne a tsada shi ne Magic Kingdom, inda fadar take. Lokacin da aka fara bayar da wani lambu da ke gaban fadar domin ɗaurin aure a 2016, kafafen yaɗa labarai sun ruwaito cewa mafi ƙarancin abin da za a kashe dala 75,000 ne, sannan na dare bayan an rufe filin an sallami kowa ya fara daga dala 180,000.

Batun kuɗi shi ne inda ya kamata mai niyya ya nutsu sosai, domin lissafin hawa hawa ne. Da farko akwai kuɗin wurin ɗaurin auren, wanda ke canzawa gwargwadon wurin da aka zaɓa. Bayan shi akwai wani adadi da kamfanin ke gindayawa a matsayin mafi ƙarancin abin da dole a kashe a hannunsa, kuma wannan adadi yana hawa ko sauka gwargwadon wuri da rana, inda Asabar ta fi tsakiyar mako tsada. Sai kuma mafi ƙarancin kuɗin abinci da abin sha a kan kowane baƙo, wanda na safe ya fi sauƙi, na rana ya ɗara shi, na dare kuma yana haura dala 200 a kan mutum ɗaya. A kan abincin ana ɗora kuɗin hidima da ya kai kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, sannan a ɗora harajin ciniki na kashi 6.5 cikin ɗari a kan jimillar, har da kuɗin hidimar. A ɗauka misali an gayyaci mutum 50 kuma an tsaya a dala 200 kowanne. Abincin ya kama dala 10,000, kuɗin hidima ya ƙara dala 2,500, haraji ya ƙara sama da dala 800, wato an wuce dala 13,300 ba a taɓa furanni ko hoto ko kiɗa ba.

Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne haraji da kuɗin hidima ba sa shiga cikin mafi ƙarancin adadin da aka gindaya, haka ma duk abin da ba daga hannun kamfanin aka saya ba. Rigar amarya, da mai kwalliya, da wanda zai jagoranci ɗaurin auren, da takardar izinin aure, da kuɗin jirgi da na masauki, duka suna gefe. Kamfanin bai ɓoye wannan ba, yana cikin yarjejeniyar da ake sa wa hannu, amma wanda ya ga adadin farko ya ɗauka shi ne kuɗin bikin zai sha mamaki idan takardar ƙarshe ta zo. Ana biyan kafin alƙalami wanda ba a mayarwa idan an fasa, kuma ana kammala biyan sauran makonni kafin ranar bikin.

Sauran kayan ƙawa kuwa iya kuɗinka iya shagalinka. Mafi shahara shi ne keken dokin Cinderella, wanda aka ƙera kamar ƙwallon gilashi, fararen ƙananan dawakai ke jansa, da dogarai sanye da kayan fada suna tafe a gefensa har su buɗe wa amarya ƙofa. Tafiyar ba ta da nisa, amma kuɗinta dubban daloli ne. Mickey da Minnie, ɓerayen zanen barkwancin kamfanin da ma'aikata ke yin shigarsu, su ma ana iya gayyatarsu wurin liyafa, su yi kimanin rabin sa'a ana hoto da yanka kek, kuma su ma kuɗinsu ya haura dala dubu. A cikin waɗannan ƙarin, wanda na ga ya fi cancantar kuɗinsa shi ne keɓe wa baƙi wani lungu a bakin tafkin Epcot da dare, a ajiye musu kayan zaƙi su kalli wasan wuta ba tare da turereniya ba, domin shi kaɗai ne abin da kowane baƙo, yaro da babba, zai mora daidai da amarya.

Dokokin wurin suna da tsauri, kuma yawancinsu suna da dalili. Ba a barin amarya ta shiga filin wasanni da rigar aure a lokacin da yake buɗe ga jama'a, kamar yadda ba a barin wanda ya kai shekara 14 ya shiga da shigar kwaikwayon taurarin kamfanin, domin kada yara su rikita baƙo da ma'aikaci. Saboda haka hotunan nan da ake gani na amarya ita kaɗai a gaban fada, babu ko mutum ɗaya a bayanta, da asuba ake ɗaukarsu kafin a buɗe ƙofa. Amarya takan tashi cikin dare a yi mata kwalliya, mota ta ɗauke ta da ango tun gari bai waye ba, a shigar da su filin yana fayau, fitilun fadar na kunne, a ɗauki hotunan cikin ƙayyadadden lokaci a fito da su kafin masu tikiti su fara shigowa. Mai ɗaukar hoton kamfanin ne kaɗai ke da izinin yin wannan aiki, kuma kuɗinsa daban ne. Baƙin da aka gayyata taro a cikin filin ma ba sa shiga yadda suka ga dama. Ana kwasarsu a motar da aka tanada, ma'aikaci ya raka su ciki ya rako su waje.

Dokar da ta fi kowace tasiri ita ce ta abinci. Ba a shigo da girki daga waje, kek ɗin bikin ma daga gidan burodin kamfanin yake fitowa, kuma ana bayar da adadin baƙi tun kafin ranar a biya kuɗin kowane kai. A nan ne wannan hidima ta rabu da bikin da Bahaushe ya sani, inda katin gayyata sanarwa ce kawai, maƙwabta da abokan arziki da 'yan rakiya kowa ya zo, gwaggo da inna su kwana a kan tukunya, kuma yawan jama'a shi ne mutuncin gidan. A Disney kowane ƙarin mutum ƙarin ɗaruruwan daloli ne, kuma wanda sunansa ba ya cikin lissafi ba shi da kujera. Iyalin da suka zaɓi wurin dole su zauna su tace sunayen dangi, kuma wannan tacewa tana iya barin ɓacin ran da zai daɗe bayan an manta da ɗanɗanon kek ɗin. Ban ɗauki wannan a matsayin aibin kamfanin ba, domin da wannan tsauri ne yake iya cika alƙawarin lokaci da tsabta da natsuwa, amma tsada ce da ba ta bayyana a takardar kuɗi.

Akwai kuma dokar jihar Florida, wadda ba ruwan Disney da ita. Takardar izinin aure daga ofishin akawun kotun gunduma ake karɓarta, kuɗinta dala 86, kuma tana aiki na kwana 60. Mazauna jihar suna jiran kwana 3 kafin ta fara aiki, sai dai idan sun halarci kwas na shirin aure, amma waɗanda suka zo daga wata jiha ko wata ƙasa ba su da wannan jira. Malamin addini, ko alƙali, ko jami'in da ke da hatimin tabbatar da takardu, kowannensu yana iya jagorantar auren, sannan a mayar da takardar ofishin cikin kwana 10. Kamfanin ba ya bayar da mai ɗaura aure daga cikin ma'aikatansa, ma'auratan ne ke nemo nasu su biya shi, kuma wannan yana da amfani ga Musulmi, tunda suna iya zuwa da limaminsu, waliyyi da shaidu su zauna, a ambaci sadaki a yi siga yadda shari'a ta tanada. Sai dai dokar jihar ta haramta wa mai mata ya ƙara aure a hukumance, laifi ne babba a wurinsu, don haka wanda yake da iyali ba zai nemi wannan takarda ba.

Hanyar da na ga ta fi dacewa da mutanenmu, musamman mazauna Amurka da ke da dangi a gida, ita ce a ɗaura aure a masallaci ko a ƙofar gidan iyayen amarya kamar yadda aka saba, a yi kamu da wuni da kai amarya a cikin jama'a, daga baya a zo Disney a yi ƙaramar walima ta mutum ashirin ko talatin. Kamfanin yana karɓar taron sabunta alƙawarin aure, wanda ba ya buƙatar takardar kotu. Ga waɗanda za su taso daga Afirka kuwa, biza ita ce babbar katanga. Kuɗin neman bizar ziyara dala 185 ne kuma ba a mayarwa ko an hana, a watan Yunin 2025 Amurka ta dakatar da shigar 'yan Chadi da Sudan, daga baya kuma aka ƙara tsananta wa 'yan Najeriya da Nijar. Bai kamata a biya kafin alƙalami ba sai an tabbatar iyayen amarya da na ango za su iya shiga ƙasar.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Damunar guguwa a Florida tana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a watannin zafi hadari yakan haɗo da la'asar kusan kullum, da tsawa da ruwa mai ƙarfi. Duk taron da aka shirya a sarari ana tanadar masa ɗakin da za a koma idan sama ta ɓaci, kuma kamfanin ne ke yanke hukuncin komawar, don haka ya kamata a nemi ganin wannan ɗaki tun kafin a sa hannu. A ɓangaren abinci, gidajen cin abincin filin suna karɓar buƙatar halal idan an sanar da su da wuri, kuma giya ba dole ba ce a wurin liyafa, ana iya tsayawa a lemo da shayi da gahawa. Duk da haka, wanda wannan ya dame shi ya nemi mai tsara bikin ta rubuta masa a cikin yarjejeniya daga ina naman zai fito, da cewa ba za a sa giya ko wani abu na alade a miya da kayan zaƙi ba, sannan a ware wani ɗaki kusa da wurin liyafar inda baƙi za su yi sallar magariba idan lokacinta ya riske su a can.