Sharhi Kan Keken Haya da Kwana Huɗu a Dajin Redwood na Arewacin Kalifoniya

A watan Satumba na karɓi hayar keken doguwar tafiya daga wani shago da ke garin Eureka, a gaɓar Tekun Fasifik ta arewacin jihar Kalifoniya, na yi kwana huɗu da shi ina bin hanyar da ake kira Avenue of the Giants, wadda ta ratsa gandun dajin Humboldt Redwoods, mai cike da manyan bishiyoyin da ake kira redwood. Wannan sharhi ya shafi keken da kayan da aka haɗa mini da shi, da wurin kwanan da hukumar gandun ta ware wa masu keke, da kuma ita kanta hanyar, domin ba za a iya auna ingancin keke ba sai an faɗi irin ƙasar da ya taka.

Keken na ƙarfe ne, mai ɗan nauyi idan aka ɗaga shi da hannu, amma da zarar an ɗora masa kaya sai nauyin ya zama alheri, don ba ya rawa ko kaɗan. An ba ni shi da kariyar ɗora kaya a baya, da jakunkuna biyu masu hana ruwa shiga, da hular kwano, da makulli, da famfo, da kayan faci. Ma'aikacin shagon ya ɗauki kusan rabin awa yana daidaita mini tsayin sirdi, yana sa ni in hau in zaga in dawo, kuma wannan haƙurin nasa shi ne dalilin da ya sa na gama tafiyar ba tare da ciwon gwiwa ba. Abin da na fi yaba wa keken shi ne ƙananan giyoyinsa. Mutumin da ya ɗauki tanti da bargo da abincin kwana biyu yana buƙatar giyar da za ta bar shi ya hau tudu a zaune yana numfashi daidai, kuma wannan keken yana da ita.

Ranar farko ita ce mafi wahala, kuma a kanta ne nake da ƙorafi. Kafin a isa bakin dajin daga Eureka sai an yi tafiyar da ta haura kilomita 50 zuwa kudu, ta garuruwan Fortuna da Rio Dell da Scotia, kuma wani ɓangare nata a gefen babbar hanya mai lamba 101 ake yin sa, inda manyan motoci ɗauke da gungumen katako suke wucewa da gudu har iskarsu ta girgiza mutum. Gefen hanyar yana da faɗi a yawancin wurare, amma da safe hazon teku yakan sauko ya rufe ko'ina, kuma a nan ne na gane cewa fitilar baya da aka ba ni ba ta da isasshen caji. Ta mutu kafin in kai Fortuna. Shagon da yake ba da hayar keke a wannan yanki ya san halin hazon fiye da baƙo, don haka ba ƙaramin sakaci ba ne a sallami mutum da fitilar da ba a gwada ba. Na tsaya na sayi wata da kuɗina, domin rai ya fi ƙarfin 'yan daloli.

Da na sauka daga babbar hanyar kusa da ƙauyen Pepperwood, sai komai ya sauya cikin 'yan mintuna. Avenue of the Giants tsohuwar hanyar 101 ce da aka bari bayan an gina sabuwa a gefenta, tsawonta kusan kilomita 50, tana bin kwarin Kogin Eel, kuma saboda masu sauri sun koma sabuwar, wannan ta zama ta masu tafiya a hankali. Ba ta da gefe mai faɗi, a wasu wuraren ma kututturen bishiya yana dab da kwalta har mutum zai iya miƙa hannu ya taɓa ɓawonsa, amma motocin kaɗan ne a ranakun aiki, kuma ana jin ƙararsu tun daga nesa saboda tsit ɗin wurin.

Game da bishiyoyin, na ga hotunansu sau da yawa kafin in zo, amma hoto ba ya ɗaukar abin da wuya yake ji idan mutum ya ɗaga kai yana neman ƙarshen itace bai same shi ba. Redwood na gaɓar teku ita ce bishiya mafi tsayi a duniya. Da yawa a cikin wannan gandu sun haura mita 100, wasu kuma sun yi shekara fiye da 1,000 a tsaye. Ɓawonsu ja ne mai laushi, kaurinsa yakan kai santimita 30, shi ne yake kare su daga gobara da ƙwari. Saiwarsu ba ta nitsewa ƙasa sosai, sai dai ta bazu ta sarƙe da ta maƙwabta. A lokacin rani, da ruwan sama yake ɗaukewa na watanni, hazon nan da ya tsorata ni a kan hanya shi ne yake shayar da su, ya taru a ganye ya riƙa ɗiga ƙasa. Wanda yake cikin mota ba zai ji wannan ɗigon a kafaɗarsa ba, ba zai ji yadda iska take yin sanyi farat ɗaya idan an shiga inuwa ba, ba kuma zai shaƙi ƙamshin danshin ƙasa da ruɓaɓɓen ganye ba. Ra'ayina shi ne saurin keke ne ya dace da wannan daji, kuma kuɗin hayar ya biya kansa tun a awa biyun farko da na yi a ƙarƙashin itatuwan.

Na kwana dare uku a sansanin Burlington da ke kusa da garin Weott, inda aka ware fili ga waɗanda suka zo da keke ko da ƙafa. Ba sai an kama wuri tun da wuri ba, kowa yana biyan ɗan kuɗi kaɗan a kan kansa, akwai ruwan sha da banɗaki da wurin wankan ruwan zafi da ake saka wa tsabar kuɗi. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin mai keke ba ya iya sanin inda ƙarfinsa zai kai shi kafin faɗuwar rana. Sai dai sanyin asuba ya fi abin da na zata. Rana ba ta ratsa ganyen da wuri, alwalar sallar asuba da ruwan famfon sansanin tana buƙatar ƙarfin hali, kuma tanti yakan tashi a jiƙe kullum. Duk wanda zai zo ya taho da rigar sanyi da safar hannu ko da a tsakiyar bazararsu ne.

Akwai wata doka a sansanin da na ga hikimarta: ba a barin ko ɓarɓashin abinci a ƙasa. Dalili shi ne wani tsuntsun teku mai suna marbled murrelet yana yin sheƙa a rassan tsofaffin bishiyoyin nan, ɓarɓashin kuwa yana jawo hankaki da danginsa, su kuma su cinye masa ƙwai.

Ranar da ta fi kowace daɗi ita ce ta biyu, da na bar kaya a sansani na tafi da keken ba nauyi. Na fara da wani kurmi da ake kira Founders Grove, inda na ɗaure shi na shiga da ƙafa, saboda ba a shiga da keke a ƙananan hanyoyin wurin. A can ne wata katuwar bishiya da ake kira Dyerville Giant take kwance tun da ta faɗi a 1991, tsawonta kusan mita 110, kuma sai da na bi ta daga saiwa zuwa kai ina tafiya kafin girman waɗanda suke tsaye ya zauna mini a zuciya. Daga nan na shiga hanyar Mattole, wadda ta bi rafin Bull Creek ta cikin dajin Rockefeller, yanki mafi girma da ya rage a haɗe na tsohon dajin redwood da gatari bai taɓa ba. Ƙungiyar Save the Redwoods League, da aka kafa a 1918, ita ce ta saye shi a 1931 da gudummawar John D. Rockefeller ƙarami. Idan aka tuna cewa kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na asalin wannan daji ya tsira daga sara, sai mutum ya fahimci darajar abin da yake ratsawa. Hanyar Mattole siririya ce, kwaltarta ta fashe a wurare da dama, kuma a nan ne tayoyin keken masu faɗi suka nuna amfaninsu, don sun shanye gargadar ba tare da na yi faci ko sau ɗaya ba. Burkin ma ya kama da kyau a gangara duk da danshin hanya.

A kusa da Weott akwai wani dogon turke a bakin hanya da aka yi wa alama a can sama, yana nuna inda ruwa ya kai a ambaliyar Disambar 1964. Na tsaya a ƙarƙashinsa na dubi Kogin Eel, wanda a Satumba ya janye ya bar tsakuwa fili, na daɗe ina mamakin yadda wannan ruwa mai sanyin hali ya taɓa share gari.

Garuruwan da ke kan hanyar, irin su Myers Flat da Miranda, ƙanana ne ƙwarai, shagunansu suna rufewa da wuri, abin da ake samu kuma bai wuce burodi da abincin gwangwani da 'ya'yan itatuwa ba. Wanda yake kula da abin da zai ci ya yi sayayyarsa tun daga Eureka ko Fortuna. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da yawa, don haka taswirar takarda da na karɓa a cibiyar baƙi ta Burlington ta yi mini amfani fiye da wayar.

Ina ba da shawarar irin wannan haya ga duk wanda ya saba yin kilomita 60 a rana, da sharaɗin ya kunna fitilun gaba da baya a gaban mai shago, ya tambayi yaushe aka yi musu caji, ya kuma bar Eureka bayan hazon safe ya ɗaga. Da na mayar da keken na faɗa wa ma'aikacin abin da ya faru da fitilar, ya ba ni haƙuri, ya cire kuɗinta daga lissafin hayar, ya kuma ajiye ta gefe a kan teburinsa.