Gishirin masu keto ga mai hawan jini: abin saye da abin bari a kasuwannin Legas

Kwana shida da barin tuwo, shinkafa da burodin Agege, na ɗago daga ruku'u a sallar La'asar sai na ga masallaci yana juyawa. Da dare jijiyar ƙafa ta ɗaure. Haka keto, wato tsarin cin abinci na yanke sitaci da sukari, yake yi da farko: sitaci ya ragu, insulin ya sauka, ƙoda ta saki sodiyam da ruwa ta fitsari, fotasiyam ya bi bayansu. Ga kuma zufar da ake haɗawa a cikin danfo.

Masu keto na intanet za su ce ka ƙara gishiri, likitanka kuwa ya ce ka rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato sodiyam miligiram 2,000, alhali cokalin shayi ɗaya ma ya ɗan haura haka. Saboda haka ma'aunina ɗaya ne: abin da ba zan iya sanin yawan sodiyam ɗinsa ba, ba na saya.

Zaɓina shi ne gishirin girki na leda mai aidin, a cikin romon ƙashi. Ina sayo ƙashin sa daga mahautar Oko-Oba, uwargida ta dafa shi ba dunƙule ba gishiri, da citta, tafarnuwa da masoro. Sai an zuba a kofi nake auna rubu'in cokalin shayi, sodiyam ƙasa kaɗan da miligiram 600 ke nan, kuma ina cire shi daga lissafin gishirin ranar. A gefe akwai alayyafo ko ugu daga Mile 12 da rabin fiya don fotasiyam, da ɗan agushi don magniziyam. Ranar da awon jini na safe ya hau, romon lami nake sha. Garin sodiyam da fotasiyam na kanti da ake jiƙawa a sha ba ya ba ka wannan damar, an riga an haɗa. Kuma aidin ɗin yana tsare mutum daga maƙoƙo. Gaskiya ma kuɗin farko ba na gishiri ba ne, na na'urar awon jini ne, ta damtse ba ta wuyan hannu ba, a auna safe da yamma a rubuta.

Na biyu shi ne gishiri mai rangwamen sodiyam irin LoSalt, wanda kashi biyu bisa uku nasa fotasiyam ne. A wani babban bincike da aka wallafa a 2021, mutum kusan 21,000 a ƙauyukan Sin, irin wannan gishiri mai fotasiyam kashi 25 cikin ɗari ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14. Amma mai ciwon ƙoda, da mai shan magungunan hawan jini irin lisinopril, losartan ko spironolactone, kada ya taɓa sai likita ya auna jininsa, domin fotasiyam in ya taru yana rikita bugun zuciya. Mai shan maganin sa fitsari kuwa, irin hydrochlorothiazide, ya faɗa wa likita tun kafin ya fara keto, don jinin na iya faɗuwa a buƙaci rage magani. Kada ka rage da kanka.

Sai abin bari. ORS na kemis maganin gudawa ne, da gulukos giram 13.5 a kowace lita. Ruwan kwakwa da lemukan 'yan wasa sukari ne. Dunƙule gishiri ne da ba ka iya ƙirgawa. Garin jiƙawa na Amurka mai suna LMNT yana da sodiyam miligiram 1,000 a ƙulli ɗaya, rabin kasonka na yini, da kuɗin dala. Kanwa kuma, duk da 'yan Legas suna ce mata fotash, sodiyam ce ta fi yawa a cikinta.

Inda aka cuce ni shi ne jan gishirin Himalaya. Wata mai talla a WhatsApp ta ce min, "Alhaji, wannan ba ya tada hawan jini." Na biya kuɗin da zai sayi gishirin shekara. Da na jiƙa shi, ruwa ya yi ja, ƙwayoyin suka koma fari tas. Rini ne aka yi wa gishirin kasuwa. To ko na gaskiyar, wanda ake haƙowa a Khewra ta Pakistan, kusan kashi 98 cikin ɗarinsa gishirin da ka sani ne, kuma galibi ba aidin. Duk wanda ya ce gishirinsa ba ya taɓa hawan jini, aljihunka yake kallo.

Haka garin da ake ƙullawa a roba ba suna ba adireshi. Duba lambar NAFDAC, ka bincika ta a manhajarsu ta Greenbook, don lamba ma ana bugawa ta ƙarya. Duba ranar lalacewa, ko an manna sabuwar takarda a kan tsohuwa. Karanta abin da ke ciki: maltodextrin da dextrose sukari ne da aka sauya wa suna. Garin da ya dunƙule ya sha danshi, wanda ba ya wuya a daminar Legas. In mai kanti ya hana ka ɗaukar hoton bayan kwali don nuna wa likita, ajiye masa kayansa.