Famfon iska mai batir na masu kiwon dafniya: ya yi, amma a cire masa dutsen kumfa

'Yan uwa masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Gombe, musamman na wajen Dadin Kowa, ga ra'ayina kan ɗan famfon iskan nan mai batir da ake caji da sola. Na saye shi ne saboda robobin da nake kiwon dafniya, ƙananan ƙwarin ruwan nan da muke ba 'ya'yan kifi.

Mutane da yawa gani suke tunda abin bai wuce ƙwayar gero ba ai ba ya buƙatar iska sosai, wallahi ba haka bane. Ƙaramar halitta ta fi babba ƙona abinci da shan oksijin in aka auna giram da giram, tun 1932 wani masanin kimiyya mai suna Max Kleiber ya nuna hakan a dabbobi, a ruwa ma haka abin yake, kilo ɗaya na dafniya ya fi kilo ɗaya na ƙaguwa zuƙar iska nesa ba kusa ba.  Ga kuma zafin Maris da Afrilu, ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, in ya kai 30 ya dawo wajen 7.5, alhali lokacin ne jikin dafniya ya fi aiki. In ka ga sun fara yin ja, sinadarin jini suke ƙarawa don iska ta yi ƙaranci.

To famfon dai yana aiki, ba ƙara sosai, in an ɗauke wuta da kansa yake komawa batir, wannan kam ya burge ni don cikin dare ne oksijin ya fi faɗuwa. Matsalar ita ce dutsen kumfan da ya zo a cikin kwalin famfon, wato ɗan dutsen da ake sa wa a bakin tiyo don ya fitar da kumfa. Kumfansa ƙanana ne ainun, suna shiga ƙarƙashin ɓawon dafniya sai ka gansu sun taso saman ruwa suna ta juyi sun kasa nutsewa har su mutu. Ku cire shi ku bar bakin tiyo haka nan, a rage ƙarfi manyan kumfa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Tiyon ma gajere ne, sai an ƙaro. Ga tankin manyan kifi kuma kar ma a fara, ya yi kaɗan.