Dashen lemun Meyer a tukunya: abin da yake bayarwa da abin da yake nema

Daga cikin ire-iren lemun da masu renon dashe ke sayarwa domin shukawa a tukunya, lemun Meyer yana cikin waɗanda aka fi tallatawa, kuma a ganina ya cancanci mafi yawan yabon da ake yi masa, muddin mai saye ya san abin da yake saya. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, Frank Meyer na ma'aikatar gona ta Amurka ne ya kai shi Amurka a 1908. Wanda ake sayarwa yanzu yawanci gyararren iri ne da Jami'ar Kalifoniya ta fitar a 1975, bayan an gano cewa tsohon yana ɗauke da cutar tristeza mai halaka gonakin lemu.

Babban abin da ya burge ni shi ne yadda bishiyar ta yarda da zaman tukunya. Ba ta cika tsawo ba, ƙayarta kaɗan ce, furenta yana da ƙanshi mai ƙarfi, kuma ba ta buƙatar wata bishiya a kusa kafin ta yi 'ya'ya. Dashen da aka yi wa aure yakan fara haihuwa cikin shekara biyu zuwa uku, alhali wanda aka shuka daga ƙwaya yana iya kwashe shekaru masu yawa bai yi ko fure ba. Don haka kada a sayi dashen da ba a ga tabon aurensa a gindi ba, sai dai in mai sayarwa ya tabbatar da cewa daga reshen bishiya mai haihuwa aka yanko shi. Duk tohon da ya fito daga ƙasan wannan tabo a cire shi da wuri, domin na gindin da aka ɗora lemun a kai ne, idan aka bar shi zai shanye ƙarfin bishiyar.

Inda dashen yake da wuyar sha'ani shi ne wajen ban ruwa. Saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa ko kaɗan, kuma ƙasar da yake zuwa da ita a ledar reno sau da yawa tana riƙe danshi fiye da kima. Gara a mayar da shi tukunyar yumɓu mai huji a ƙasa, wadda ta ɗan fi tushensa faɗi, a haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki da yashi mai tsakuwa, sannan kada a sake ba shi ruwa sai an tura yatsa an ji saman ƙasar ya bushe. Yana son rana ta awa shida zuwa takwas, yana kuma cin taki sosai, musamman mai naitirojin. Idan sabon ganye ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suka tsaya kore, galibi ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ƙarin ruwa kuwa sai dai ya tsananta matsalar. Darɓa da sauran ƙwari masu tsotsa suna son sabon toho, amma wanke ganyen da ruwan sabulu mai sauƙi yakan wadatar idan an lura da wuri.

Game da 'ya'yan, dole a faɗi gaskiya: tsaminsu bai kai na lemun tsamin da aka saba da shi ba, domin irin yana da haɗi da tanjarin. Ɓawonsu siriri ne, ruwansu da yawa, da ɗan zaƙi-zaƙi. Ni wannan ɗanɗano ya yi mini, amma mai neman tsami mai kaifi zai fi gamsuwa da irin Eureka ko Lisbon, ko da yake waɗannan sun fi girma, suna kuma buƙatar babbar tukunya da yawan datse rassa.