Na sauke BMW ɗina da kusan santimita 3: sharhi a kan Bilstein B12 Pro-Kit

Motar BMW 330i ce ƙirar E46, ta 2003, mai silinda 6 a jere da inji lita 3, wadda tayoyin baya ke turawa. Kayan da na sa mata kuwa su ne Bilstein B12 Pro-Kit, wato shokazoba huɗu na Bilstein samfurin B8 da sifirin huɗu na Eibach, dukkansu 'yan Jamus, an haɗa su don su yi aiki tare. Sun ga rani sun ga damina a ƙarƙashin motar, shi ya sa nake ganin yanzu ina da abin faɗa, musamman ga samarin da ke tare ni a gidan mai suna tambayar wanda ya zaunar mini da ita haka.

Na gamsu da kayan, kuma da za a mayar da ni baya zan sake sayensu. Amma saukar da ido ke gani ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da suka gyara tuƙin motar, kuma wannan nake so mai niyyar yi ya fahimta kafin ya fitar da kuɗinsa.

Motar ta haura shekara 20, kuma da shokazobanta na asali na same ta. Idan na taka birki sai ta dungura da hanci. A kan hanyar filin jirgin sama ta Abuja, duk inda aka haɗa gada da kwalta, sai ta yi sama ta yi ƙasa sau biyu ko uku kafin ta nutsu. A shataletale kuwa, sai ka murɗa sitiyari, jikin motar ya fara kwantawa tukuna, sannan daga baya ta tuna cewa an ce ta juya. Ba don haka aka san wannan ƙirar ba. Nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, kuma riƙe kwana ne ya yi mata suna.

Hanya mafi araha da aka fara kawo mini ita ce a sa giranda a yanke zagaye ɗaya ko biyu na sifirin. Ina roƙon duk mai karanta wannan da kada ya yarda. Ƙarshen sifirin an ƙera shi ne don ya zauna daram a mazauninsa, in aka yanke ba ya zama, kuma idan taya ta faɗa rami ta saki jiki yana iya gocewa daga wurinsa mota na cikin gudu. Masu gasa shi da wutar walda har ya lanƙwashe sun fi ɓarna, don zafi yana kashe ƙarfin ƙarfen. Akwai kuma irin mai zare da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke yadda ake so. Na kirki a cikinsu, irin su B14 na Bilstein ko na kamfanin KW, kaya ne masu kyau, sai dai tsada, kuma suna son bakaniken da ya san yadda ake daidaita kusurwa huɗun mota. Marasa suna da ake tallatawa a intanet a rabin kuɗi ban ko tsaya a kansu ba, araha ba ta ado. Na zaɓi B12 ne saboda injiniyoyin sun riga sun yanke iya saukar da za a yi, ba su bar mini damar wuce gona da iri ba, kuma shokazoban an gajarta su daidai tsawon sifirin ɗin.

Wannan gajartawa ita ce zuciyar maganar. Wanda ya sa gajeren sifirin a kan shokazoba mai tsawon asali ya tilasta masa aiki a danne, kusa da ƙarshen tafiyarsa, yana kokawa da sifirin da ya fi ƙarfinsa. Sai motar ta riƙa tsalle, ta riƙa dukan robar da ke tare ƙarshen tafiyar, shokazoban kuma ya mutu da wuri. B8 bututu guda ne, mai a sama, iskar naitirojin a matse a ƙasa, da fistin mai yawo a tsakaninsu da ke hana su cakuɗuwa. Amfanin haka shi ne man ba ya kumfa idan ya ɗau zafi, kuma a ƙasar da kwalta ke ƙuna a watan Maris da Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ita saukar kanta, ga abin da take yi. Kowa ya taɓa ganin babbar mota da aka jibga wa buhuna har sama tana shan kwana, ya san abin da tsayi ke yi wa nauyi. Nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana yana bin tsayin cibiyar nauyin mota daga ƙasa. Idan cibiyar tana wajen rabin mita, aka sauke ta da santimita 3, an rage wannan nauyi da kusan kashi 6 cikin 100. Ribar gaskiya ce, amma ba ita direba ke ji a hannunsa ba. Abin da yake ji shi ne taurin sifirin da ya hana jikin motar kwantawa sosai, da shokazoban da ke kama motsin tun daga farkonsa. Kuma akwai iyaka. A ƙafar gaban E46, lowa-am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, ya kamata ya tsaya a miƙe ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya. In aka sauke mota har ya koma yana kallon sama, tayar waje takan daina kwanciya sosai a kan kwalta a tsakiyar kwana, sitiyari ya riƙa fizga a kan gargada, jikin ma ya ƙara son kwantawa. Shi ya sa motar da aka dasa a ƙasa don hoto sau da yawa ba ta kai wadda ba a taɓa ba riƙe hanya.

A Apo aka yi mini aikin, wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe a kan motocin Jamus. Da ya ɗaga motar ya girgiza tayar gaba, sai ya ce, "Alhaji, tunda za mu buɗe ƙafar nan, a canza bushin gaba ɗaya, kada mu yi aiki biyu." Na bi shawararsa. Aka canza bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafunan ƙafa, na lowa-am da na dogon hannun baya, da mazaunin shokazoba na sama gaba da baya, da 'yan sandunan sitabilaiza. Adalci ya sa in faɗa cewa wani kaso na daɗin da nake ji yau na waɗannan robobi ne, ba na Bilstein ba ne. Wani abu da ya yi ya burge ni: bai ƙarasa ɗaure notunan da ke ratsa roba ba sai da ya sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta. In aka ɗaure su mota na rataye, robar takan zauna a murɗe, ba ta daɗewa take yagewa. Da muka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, gaba ya sauka kusan santimita 3, baya bai kai haka ba. Tsofaffin sifirin ɗin sun riga sun saki, don haka wanda motarsa ta tsufa kada ya yi mamaki idan saukar ba ta kai abin da ya gani a talla ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi da inda suke kallo. Wurin da na fara zuwa suna da na'ura mai kwamfuta, amma tayoyin gaba kawai suka taɓa suka ce an gama. Motar ta fito tana jan gefe, bayanta yana rawa in an taka mai a kwana. Duk motar da aka sauke, saman tayoyinta yakan ƙara karkata ciki, bakinsu kuma ya sauya inda yake kallo, kuma a E46 bayan ma ana saita shi: akwai noti na musamman na karkata, akwai kuma inda ake gyara kallon tayar. Sai a wuri na biyu na sami wanda ya san haka, har ya san cewa ƙa'idar BMW ita ce a cika tanki a kuma aza nauyin kilo 68 a kan kowace kujerar gaba kafin a auna. Yaransa biyu ya zaunar a ciki. Ranar ce na fara jin abin da na biya.

Yanzu in na murɗa sitiyari, hancin motar yana bi nan take. A shataletalen Berger ko hawan da ke shiga Asokoro, jikin yana ɗan kwantawa sau ɗaya ya tsaya, ba ya ƙara komawa. Birki mai ƙarfi ba ya dungurar da ita, kuma wannan ya fi komai ba ni kwanciyar hankali, don ranar da ɗan acaɓa ya faɗo maka ba zato, taka birki da kaucewa a lokaci guda za ka yi. A haɗin gada tana bugawa sau ɗaya, da ƙarfi kam, amma shi ke nan. Inda na fi sanin darajarta shi ne Hawan Kibo a kan hanyar Jos. Ba wurin gwada gudu ba ne, hanyar ta ci rayuka da yawa, kuma ban je don haka ba. Amma a gangarowa, kwana na bin kwana, tirela a gaba wata a baya, motar tana bin layin da na ɗora ta ba tare da na yi ta gyara sitiyari ba, na kuma iso Akwanga kafaɗuna ba su gaji kamar da ba.

Sai abin da na biya bayan kuɗi. Tudun rage gudu na cikin unguwanni, irin wanda mazauna layi ke zubawa da siminti ba awo, ya zama abin da nake lissafi da shi kafin in shiga kowane layi. A karkace nake hawa, taya ɗaya bayan ɗaya, duk da haka in mutum huɗu ne a ciki wani lokaci sai na ji ƙarƙashi ya gogu. Kwalbatin ƙofar gidanmu sai da aka ƙara mata siminti aka sassauta hawanta. Kaskon man inji na wannan mota na alminiyom ne, ba ya lotsewa kamar na ƙarfe, fashewa yake yi, kuma in ya fashe a daji mai ya tsiyaye, injin ne a bakin mutuwa. Wannan tunani ba ya barina a duk inda aka karkatar da motoci kan turɓaya a hanyar Abuja zuwa Kaduna. Da damina kuwa, ruwan da ƙananan motoci ke ratsawa a hankali ni juyawa nake yi. Shi kansa kamfanin BMW yana da wani tsari da yake sa wa irin wannan mota idan za a kai ta ƙasashe masu munanan hanyoyi, kuma ɗaga ta yake yi, ba saukewa ba. Ya kamata duk mai son saukewa a nan ya san cewa akasin haka yake shirin yi.

A cikin gari a ƙaramin gudu, taurin yana fitowa fili. Kowane faci na kwalta sai ka san da shi. Ni ina son haka, don ina jin abin da taya ke takawa, amma mahaifiyata tana fama da ciwon baya, kuma tun da ta shiga sau ɗaya na daina ɗaukarta a ciki. In asibiti za mu, motar gida nake fitarwa. Abin da ya rage mini wahala shi ne na bar wilina na inci 17 da taya 225/45. Abokan da suka haɗa saukewa da wili mai inci 19 da siririyar taya su ne kullum a wurin mai gyaran wili, don naman taya shi ne kariya ta farko daga rami, kuma a hanyoyinmu ba a wasa da shi.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Kayan daga waje suke zuwa, a kuɗin waje ake lissafinsu, kuma tun da aka saki Naira a 2023 duk wani abu irin wannan ya yi nauyi. In ka haɗa da bushin, kuɗin aiki da alaimen, kaso ne mai tsoka na darajar tsohuwar mota. Akwai jabu a kasuwa, launin rawaya na shokazoban Bilstein kaɗai ba shaida ba ne, a duba lambar da ke jikin kowane shokazoba da kowane sifirin a gwada da ta shafin kamfanin. A kuma tabbatar an sayi na wannan injin, don na mai silinda 4 da na mai silinda 6 ba ɗaya ba ne a gaba, nauyinsu ya bambanta.

Wanda wannan ce kaɗai motarsa, da ita yake kai yara makaranta, da ita yake zuwa ƙauye da Sallah, ba zan ba shi shawarar saukewa ba. Ya sayi B6, wanda yake irin B8 ne amma an yi shi don sifirin mai tsawon asali, ya canza bushin, ya sa taya mai kyau, ya yi alaimen na ƙafa huɗu. Zai sami mafi yawan abin da na samu kuma ƙarƙashin motarsa zai tsira. Wanda kuwa yawancin tuƙinsa a kan manyan titunan Abuja ne, yana da wata motar ta wahala, yana kuma son jin yadda mota ke amsa hannu, B12 ya dace da shi. Bayan an sa, ya bari sifirin su zauna na 'yan makonni sannan ya koma a sake duba alaimen da saitin fitilun gaba, don sauka takan sauya inda haskensu ke faɗawa. Kuma duk sanda ya tsaya wurin mai faci shan iska, ya sa hannu ya shafa gefen ciki na tayoyin baya, don ta nan suke fara cinyewa, kuma daga waje ba a gani.