Mahaɗar USB mai caja: ta magance nauyin linzami, amma da sharaɗi

Masu shagunan buga takardu a Agege da Idi-Araba sun san matsalar: a haɗa linzamin kwamfuta da kibod da faifan ajiya na waje a mahaɗa guda, sai linzamin ya riƙa tsayawa, haruffa kuma su makara kafin su fito. Mahaɗa mai kafa bakwai da cajarta, wadda na saya a Computer Village da ke Ikeja, ta kawar da mafi yawan wannan.

Dalilin a fili yake. Kafar USB 2.0 tana ba da wutar lantarki miliamfa 500 ne kacal, ta 3.0 kuwa 900, kuma mahaɗar da ba ta da caja wannan ɗan abin take rabawa duk na'urorin, alhali faifan ajiya shi kaɗai yana iya cinye shi idan ya fara juyawa. Tun da wannan mahaɗar take jan wutarta daga bango, kibod bai sake makara ba.

Linzami marar waya ne ya ci gaba da tsalle, domin siginar USB 3.0 tana shiga zangon 2.4 GHz da yake amfani da shi. Sai da na mayar da ɗan makullinsa, wato ƙaramar na'urar da ke karɓar siginarsa, jikin kwamfutar, nesa da faifan, sannan ya daidaita.

Babban aibin mahaɗar a Legas shi ne wuta: idan aka ɗauke ana tsakar kwafi, faifan yakan yanke ko da laftof na kan batir, don haka a jona cajar a UPS, wato na'urar batir da ke ci gaba da ba da wuta idan aka ɗauke.